Ladi Kwali, Maginar Tukwane Da Jarinta Ke Bakin Rafi

'Yan uwana mata, idan takardar naira ashirin ta shigo hannunku, ku juya bayanta. Matar nan da ta sunkuya a kan tukunya ita ce marigayiya Ladi Kwali. Labarinta na kawo muku yau, musamman saboda masu cewa suna son sana'ar hannu amma ba su da kuɗin kayan aiki.

An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, inda ginin tukwane aikin mata ne tun kaka da kakanni. Ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana ƙarama ta koyi gini a hannun wata 'yar uwar iyayenta.

To, mene ne kayan aikin? Na farko yumɓu, wanda matan wurin kan haƙo da kansu. Sai 'yar katako mai faɗi ta bugun cikin tukunya, da wani abu mai kaifi kamar wuƙa na yin zane. Akwai kuma guntun igiya da aka murɗa, ko ɗan icce da aka yi wa tsaga-tsaga. Idan aka mirgina shi a jikin ɗanyar tukunya sai ya bar ado a jere, kamar saƙa. Ke nan duk abin da ake bukata, uwargida, kusan babu wanda sai an je kanti.

Yadda take gini kuwa, takan fara da curin yumɓu, ta rarake cikinsa, ta ja shi sama, sa'an nan ta riƙa murza wani kamar igiya tana ɗorawa tana shafewa, tana zagaya tukunyar da ƙafa har ta tashi. Kafin ta bushe sai ta zana mata kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da kifi, da tsuntsu, wato dabbobin da ta saba gani. Gashi kuma a fili ake yi, da busasshiyar ciyawa da kirare. A ƙasar Gwari akan yayyafa wa tukunya ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, tun tana da zafi, don ta yi duhu da sheƙi. 'Yan makaranta masu son gwadawa ku lura: a tsince tsakuwa daga yumɓu, a bar abin ya bushe sarai a inuwa, in ba haka ba zai fashe a wuta.

Randunanta sun yi kyan da har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara su a gidansa. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yanzu. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su a 1950. Da ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi.

Amma ba ta yar da na gida ba. Manyan randunan nan da hannu ta ci gaba da gina su, zanen ma har da ƙayar beguwa take yi. Su aka kai baje koli a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Turawa suka yi ta saye. Sai dai ni a ganina an sami riba an kuma yi hasara. Randar da aka yi wa ƙyalli takan yi nauyi, ba ta kuma tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa kamar ta gargajiya. Ta tashi daga kayan tsakar gida ta koma kayan kallo.

Ladi ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, ta kuma zaga Amurka a 1972. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, gwamnatin Nijeriya kuma ta ba ta lambar yabo ta OON a 1981. Bayan shigarta wasu mata sun bi sahunta zuwa makarantar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa.

Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa makarantar ta Suleja sunanta, hotonta kuma ya hau naira ashirin a 2007.