Alhaji Abubakar Imam, Wanda Ya Ɗinka Wa Tatsuniya Sabuwar Riga

Ni mutumin Kademi ne ta ƙasar Gaya. Tun ban isa shiga firamare ba kakata ta wajen uba take tara mu a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwon dare, tana yi mana tatsuniya. Wadda muka fi roƙonta ta maimaita ita ce ta Ruwan Bagaja. Yadda take ba mu ita, wai wani mutum ne da matansa biyu, bora da mowa, kowace da 'yarta. Ran nan 'yar mowa ta yi fitsarin kwance a kan buzun maigida, aka laƙa wa 'yar bora, aka ce sai ta je ta wanko shi a Ruwan Bagaja. Ta yi ta tafiya har ta iske wata cinya da kare a cikin bukka, ta yi musu ladabi da biyayya, ta komo gida da dawaki da dukiya mai yawa. 'Yar mowa kuwa ta tafi da rashin kunya, ta komo da ayarin kutare da makafi.

Da na zo makarantar nan, wata rana na ga wani ɗan littafi a laburare an rubuta Ruwan Bagaja a bangonsa. Murna ta kama ni, na ara na karance shi a dare biyu, amma ban ga bora ba, ban ga cinya ba, balle kare. Na kai kuka wurin malaminmu na Hausa, na ce an ɓata tatsuniyar kakata. Ya yi dariya, ya ce in je in nemi tarihin mai littafin tukuna, sa'an nan in yanke hukunci. To, ga abin da na samo.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja, a shekarar 1911. Mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne kuma alƙali, saboda haka ya buɗe ido a gidan karatu, ya fara da allo da Larabci. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

A zamanin nan 'yan makarantar boko ba su da littattafan hira na Hausa da za su karanta. Saboda haka a 1933 wani Bature, Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai don a yi gasa. Cikin littattafan da aka buga daga wannan yunƙuri akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda yake wan Imam ne, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East, sai kuma Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934. Imam yana da shekara 22 kacal sa'ad da ya rubuta shi, watau bai girme mu da wani abu mai yawa ba.

A nan ne na gane dabararsa. Daga tatsuniya ya ɗauki sunan ruwan, da doguwar tafiyar da ake yi kafin a kai gare shi. Sai ya cire yarinya ya sa saurayi, Alhaji Imam na Kwantagora, wanda ya bar gida don ya ɗebo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke limamin da ya rene shi daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. A hanya ya haɗa shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suna ta shirya wa juna tsiya gari bayan gari. Irin wannan hali na Zurƙe ya samo shi ne daga littafin Larabci na Maƙamatul Hariri. Ashe dai tatsuniya tana nan, riga ce aka sake mata.

Ganin basirarsa ya sa East ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya a 1936. Aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya zauna wajen wata shida yana karatu yana rubutu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga daga 1937 zuwa 1939. A na farko aku ne yake ta jero wa Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, labari bayan labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri, kuma wannan dabara ta aku mai ba da labari daga hikayoyin Indiya da Farisa take. Labarin Sarkin Zairana da Sarkin Bokaye Gara daga Dare Dubu da Ɗaya yake. Sarkin Busa, wanda ya janye ɓeraye daga gari, da aka hana shi ladansa ya janye yara, asalinsa labarin wani gari ne na Jamus. Kalala da Kalalatu ma daga tatsuniyoyin Jamusawa yake, a can kuyanga ce mai dafa abinci ta cinye kajin baƙo, amma Imam ya mai da ita matar gida.

Na ji wasu suna cewa ai wannan kwafa ce. Ni ban yarda ba, kuma ina da shaida. Da hutun da ya wuce na karanta wa kakata Kalala da Kalalatu, ta yi dariya har da hawaye. Da na gaya mata labarin Jamusawa ne, ta ce ƙarya nake, don ita ta san mace mai irin wannan kwaɗayi tun tana budurwa. Mai kwafa ba ya iya wannan. Imam ya sake sunaye, da abinci, da gaisuwa, da fada, da karin magana, har baƙon labari ya zama ɗan gari. Ai ko kakata ba ta taɓa ba mu tatsuniya iri ɗaya sau biyu ba, takan ƙara nan ta rage can, gwargwadon yaron da take so ta ja wa kunne.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko, ya yi fiye da shekara goma yana wannan aiki. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya shiga majalisa, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rubuta littattafan addini da na ilmi, irin su Tarihin Annabi da Ikon Allah. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ran 19 ga Yuni, 1981.

Hanyar da ya share ba ta toshe ba. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, marigayi Ƙasimu Yero yana cikin 'yan wasan. A ƙarshen shekarun 1990 kuma masu fim na Kano suka ɗauki tatsuniyar Daskin da Riɗi suka yi fim da ita, suka sa mata waƙa da kiɗan zamani. Sun yi da kyamara abin da shi ya yi da alƙalami.

Abin da yake damuna shi ne, yanzu in na koma Kademi sai in tarar ƙannena sun yi cincirindo a kan wayar yayanmu, kakata tana zaune ita kaɗai a ƙofar ɗakinta. Ta tsufa ƙwarai, wasu tatsuniyoyin ma sai ta kai tsakiya ƙarshen ya ɓace mata. Don haka na sayi littafin rubutu, na riga na rubuta guda 11 daga bakinta, in Allah ya kai mu hutu mai zuwa zan ci gaba.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk mai kaka da rai ya yi haka tun kafin a rasa ta. Iyayenmu kuma ina roƙonku, kada ku ce tatsuniya shiririta ce, ku bar yara su zauna gaban tsofaffi da dare. Wanda bai ji ta da kunnensa ba, ba shi da abin da zai ɗinka wa riga. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.