Sarki Tanimun na Damagaram: Sarkin da ya mai da gawayi makamin yaƙi

Idan ana maganar sarakunan da suka ɗaukaka Damagaram, sunan Tanimun ɗan Sulaiman ne ke fara zuwa. Ya hau gadon sarauta a 1841, aka tuɓe shi bayan shekara biyu, sannan ya dawo a farkon shekarun 1850, ya mulki ƙasar har rasuwarsa a 1884.

A lokacin Damagaram na ƙarƙashin Borno, tana kai gaisuwa Kukawa. Tanimun ya fahimci cewa mai bindiga ne ke da ta cewa. Ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ya ƙarfafa fatauci da Tarabulus ta hanyar Agadas, inda ayari ke fita da fatu da gashin jimina da bayi, ya dawo da bindigogi. Bai tsaya ga saye kawai ba, ya sa maƙeran garin suna zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a gida. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ya tara bindigogi kusan 6,000 da igwa kusan 40.

Albarushi haɗin abu uku ne: kusan kashi 75 cikin 100 gishirin nitirat, kashi 15 gawayi, kashi 10 farar wuta. Gawayi kuwa mafi yawansa sinadarin kabon ne. Kowace ƙwayar zarra ta kabon tamkar mai hannu huɗu ce, wato tana iya riƙe wasu ƙwayoyin ta wuri huɗu, yayin da oksijin ke da hannu biyu. Da an kunna wuta, gishirin sai ya saki oksijin, kabon ɗaya ya cafke oksijin biyu, kowanne da hannu bibbiyu. Nan take garin ya koma iska mai zafi da ke neman mafita, ita ce ke wurga harsashi.

A 1858, Tanimun na kan mulki, wani masani Bajamushe mai suna Ogos Kekule ya wallafa bayanin waɗannan hannaye huɗu, ya kuma nuna cewa kabon na riƙe ɗan uwansa kabon su yi sarƙa. Kan wannan bayani aka gina fahimtar man fetur da robobi da magunguna. Maƙeran Zinder kuwa da gwaji da gadon sana'a suka iya nasu aikin.

Sai dai ƙarfin nan talakawa ne suka biya shi, domin hare-haren kamen bayi ne ke samar da kuɗin makamai, kuma garuruwa da dama sun ɗanɗana kuɗarsu.

Shekara 15 bayan rasuwarsa, a 1899, sojojin Faransa suka shiga Zinder da bindigogin masana'anta da suka fi na gida sauri da nisa. Ragowar ganuwarsa da fadar sarki suna nan a unguwar Birni har yau.