Dorugu, Yaron Da Aka Ƙwace Masa Kome Sai Harshensa

Ya ɗan'uwa mai karatu, kafin ka ci gaba, buɗe Littafi Mai Tsarki naka ka karanta Farawa sura 45, daga aya 1 zuwa 8. In ka gama, kada ka rufe littafin. Dubi yadda kalmomin suke kwance a gabanka cikin Hausa, harshen da kake ciniki da shi a kasuwa, kake kuma addu'a da shi da dare. Ka taɓa tambayar kanka ko bakin wa aka fara bi har Maganar Allah ta shigo wannan harshe? Ɗaya daga cikin mutanen farko yaro ne bawa, sunansa Dorugu.

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance cikin ƙasar Damagaram, wadda take a Jamhuriyar Nijar a yau. Zamanin hari ne. Yana yaro ƙarami, bai kai ga tasawa ba, mayaƙa suka kama shi, aka kora shi Damagaram tare da sauran kamammu. Daga nan ya yi ta fita daga hannun wannan ubangida zuwa na wancan har ya sami kansa a Kukawa, babban birnin Barno a lokacin. Iyaye, gona, abokan wasa, duk an raba shi da su, ba a kuma tambaye shi ko ya yarda ba.

A Kukawa akwai Jamusawa biyu masu yawon binciken ƙasa a madadin gwamnatin Ingila: Adolf Overweg, da Heinrich Barth wanda mutanenmu suka sani da Abdul Karimu. Overweg ne ya fanshi Dorugu ya 'yantar da shi, tare da wani saurayi ɗan kabilar Margi mai suna Abbega. Ba a daɗe ba, a watan Satumba na 1852, Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi. Sai Barth ya ɗauki yaran biyu. Da shi Dorugu ya bi ta Damagaram, da Katsina, da ƙasar Sakkwato, da Gwandu, suka haye Kwara a Say, suka shiga Timbuktu a 1853. Suka komo ta Kano, suka sake isa Kukawa a ƙarshen 1854. Yaron da bai wuce shekara goma sha biyar ba ya riga ya ga ƙasashen da fatake da yawa ba su taɓa takawa ba.

A watan Mayu na 1855 suka tashi daga Barno suka nufi arewa, suka shiga hamada ta hanyar Bilma zuwa Fazzan, a kudancin Libiya ta yau. A nan ina so mu ɗan dakata, domin wannan hanya ba ta wasa ba ce. Ita ce hanyar da aka ɗauki ƙarnuka ana kora bayi daga Barno da ƙasar Hausa zuwa kasuwar Murzuk, daga can kuma zuwa Tarabulus a bakin teku. Turawan da suka bi ta a 1822 sun rubuta cewa sun tarar da ƙasusuwan mutane barbaje a bakin rijiyoyi, na waɗanda ƙishi da gajiya suka kashe. Daga Murzuk hanyar ayari takan bi ta Sabha, ta ratsa ƙananan garuruwan dabino irin su Samnu, kafin ta kai Sokna. Ita ce Dorugu ya bi a tsakiyar zafin shekarar nan, ya isa Tarabulus a ƙarshen watan Agusta. Yara nawa ne tsararsa, masu jin Hausa kamarsa, suka wuce ƙarƙashin dabinon Samnu da igiya a wuya? Allah kaɗai ya san sunayensu. Shi kuwa ya wuce a matsayin ɗa, ba don ya fi su kirki ba, ba kuwa don ya yi wata dabara ba.

Daga Tarabulus suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta Malta da Faransa, suka sauka Landan a farkon Satumba na 1855.

To, a Ingila akwai wani bawan Allah da ya daɗe yana jiran mai jin Hausa. Sunansa James Frederick Schön, Bajamushe ne da ya yi aikin bishara a Saliyo a ƙarƙashin mishan ta CMS. A 1841 ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma 'yantaccen bawa ne, kuma daga baya ya zama bishop. Schön ya fara koyon Hausa daga bakin bayin da aka 'yantar a Saliyo, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843. Rashin lafiya ya tilasta masa barin Afirka, ya zauna a Chatham yana aikin limamin asibiti. Yana da marmarin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, amma bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba, kuma ina zai sami Bahaushe a Chatham?

Sai ga Dorugu. Ya zauna a gidan Schön shekara da shekaru. Ya koyi karatu da rubutu, ya koyi Turanci. Shi kuma yana ba Schön abin da babu wani littafi a Turai da zai ba shi: yadda ake gaisuwa, yadda ake jera magana, tatsuniyoyi, karin magana, da labarin rayuwarsa tun daga Dambanas. Har yadda Turawa suke zaman cin abincin dare ya bayyana dalla-dalla, da idon baƙo mai lura, abin da har yau yake ba masu karatu dariya. A 1857 aka yi masa baftisma, aka sa masa suna James Henry Dorugu. Abbega ma an yi masa, ya kuma koma Afirka a wannan shekara, daga baya ya zama sarkin Lakwaja.

A 1857 ɗin ne aka buga Bishara ta hannun Matiyu da Hausa. Yohanna da Ayyukan Manzanni suka biyo baya, haka ma Luka da Farawa da Fitowa, duk cikin 'yan shekaru kaɗan. Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, sa'an nan a 1885 ya buga Magana Hausa, inda labarin Dorugu yake cikin harshensa.

Yi tunani a kan wannan, ɗan'uwa. A cikin Farawa ne labarin Yusufu yake, yaron da aka raba da ubansa aka sayar wa ayarin fatake, aka kai shi ƙasar da ba ya jin harshenta. Wanda yake juya labarin bai taɓa zama bawa ba. Amma a gidansa akwai yaron da ya san nauyin kalmar sayarwa a jikinsa, ya san yadda ake duba haƙoran mutum kamar na akuya. Da Hausarsa aka auna kalmomin. Abin da Yusufu ya nuna wa 'yan'uwansa a wurin da ka karanta shi ne, su ne suka sayar da shi, amma Allah ne ya riga su aiko shi domin a ceci rayuka. Bai ce sayarwar daidai ce ba. Ya kira ta da sunanta, sa'an nan ya nuna hannun da ya fi nasu ƙarfi.

Mu yi hankali a nan, gama akwai masu saurin cewa kome nufin Allah ne, su wanke hannun azzalumi da wannan magana. Littafi Mai Tsarki bai yi haka ba. Fitowa 21:16 ta yanke hukuncin kisa a kan wanda ya saci mutum don ya sayar, Bulus kuma a 1 Timoti 1:9-10 ya jera masu fataucin mutane tare da masu kisankai da maƙaryata. Waɗanda suka kama Dorugu sun yi mugunta, za su kuma amsa a gaban Mai Shari'a. Abin da ba su iya yi ba shi ne su hana Allah aiki da abin da suka rage masa. Me suka rage masa? Harshen uwarsa kawai. Ba wanda zai saya a kasuwar Kukawa, shi ya sa ba wanda ya damu ya ƙwace.

Wannan magana ba ta tarihi kaɗai ba ce. Hanyar nan tana nan, motoci ne kawai suka maye gurbin raƙuma. Samarinmu suna tashi daga Agadas su bi ta Dirku da Gatrun su sauka Sabha, wasu su zarce ta Samnu zuwa arewa neman aikin gini ko gona ko ƙetare teku. A 2017 hukumar ƙaura ta duniya ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙin haure a Sabha, ana tsare wasu har sai danginsu sun aiko da kuɗin fansa. Watakila kai mai karanta wannan kana can yanzu, an karɓe takardunka, ba a biya ka haƙƙin guminka ba, ranar Lahadi kuma babu majami'ar da za ka je sai dai ka kasa kunne ga rediyo a ɓoye. Ko kuwa ɗanki ne yake can, uwa, kina kwana da wayar hannu a gefen matashi. Ba zan yi maka alkawari cewa wani Overweg zai zo gobe ba. Yara da yawa ba su sami mai fansa ba. Amma Allah wanda ya ga Hajaratu a jeji yana ganinka a Fazzan, bai kuwa ƙidaya ka cikin kayan da suka ɓace ba. Duba abin da ya rage a hannunka: aya guda da ka haddace tun kana makarantar Lahadi, sana'ar da ka iya, harshen da za ka ta'azantar da wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Ku kuma da kuke gida, ku tambayi ikilisiyarku mutum nawa ne daga cikinku suke kan wannan hanya, ku rubuta sunayensu, ku riƙa ambatonsu a addu'ar safiya.

Akwai kuma abin da ya shafi masu hidima. Sunan Schön ne a bangon littattafan, shi aka ba lambar yabo a Faransa da digirin girmamawa a Oxford. Ya cancanta, gama ya yi wahala, bai kuma ɓoye sunan Dorugu ba. Duk da haka yawancin masu bi na ƙasar Hausa ba su taɓa jin sunan yaron ba. Haka take ga yarinyar nan baiwa a gidan Na'aman, cikin 2 Sarakuna sura 5: ita ta nuna hanyar warkarwa, amma ko sunanta ba a rubuta ba. In kai ne mai fassara wa fasto wa'azi, ko mai share majami'a, ko mai koya wa yara baƙaƙe, ka san irin mutanen da ka shiga sahunsu.

Fassarar Schön ba ta rasa tuntuɓe ba, Hausarta takan yi wa kunnen Bakano nauyi, ba ta kuma yaɗu sosai a ƙasar Hausa ba. Amma da littattafan nan ne na baya suka fara koyo. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai a 1932, bayan aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa.

Dorugu ya koma Afirka a 1864, ya yi shekaru yana aikin tafinta. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a Kano, inda ya koyar a makarantar boko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. Vischer shi ma ya ratsa Fazzan a 1906, daga Tarabulus zuwa Barno, cikin ayarin da yake da 'yantattun bayi masu komawa gida. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, yana tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, shekara ashirin kafin Hausawa su riƙe dukan littafin a hannunsu.