Ɗan Ƙauyen Da Ya Juya Wa Sarkin Ingila Baya

Jama'a, mu da muka tashi a kara muna kallon finafinan Indiya mun saba ganin maharaja da zinare da giwaye. Yau ga labarin na gaske, Sayajirao Gaekwad na Uku, sarkin Baroda da ke yammacin Indiya.

An haife shi a 1863 a ƙauyen Kavlana, sunansa na yanka Gopalrao. Jinin sarauta ne, amma gidansu noma ake yi. A 1875 Turawan Ingila suka tuɓe sarki Malharrao bayan zarginsa da yunƙurin sa wa wakilinsu guba. Sai Jamnabai, matar wani sarki da ya rasu, ta ɗauki yaron nan ɗan shekara 12 a matsayin ɗa, aka naɗa shi. Wallahi a lokacin ko karatu bai iya ba. Sai da aka sa shi gaban malamai, sannan a 1881 aka danƙa masa mulki.

Mulkin irin wanda kakanninmu suka gani ne a Arewa: rawani na kan sarki, linzami na hannun Razdan. To amma ɗan ikon da aka bar masa bai yi wasa da shi ba. A 1906 ya mayar da karatun firamare kyauta kuma dole a ƙasarsa. Ya buɗe ɗakunan karatu har ƙauyuka, a 1908 ya kafa Bankin Baroda. A 1913 ya biya wa Ambedkar, ɗan dangin da ake ƙyamar taɓawa, kuɗin karatu a Amurka. Shi ne daga baya ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya.

A babban taron Delhi na 1911, sarakuna suka zo gaida Sarki Joji na Biyar. Shi Sayajirao ya zo ba kayan ado, ya ɗan rusuna sau ɗaya, ya juya baya ya tafi. Turawa suka fusata, har sai da ya rubuta takardar ban haƙuri.

Ya rasu a 1939, bayan shekara 63 a kan gado.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne makarantun nan. Babana bai yi boko ba, amma ya sayar da sa ya biya mini jarrabawar gama sakandare. Ƙannenmu nawa ne a Sabo da Agege ke bin shanu da safe, lokacin da ake kaɗa ƙararrawar makaranta?