Seyni Kountché: Sojan da ya zuba kuɗin yuraniyom a gona

Matasan da suka tashi a Arlit da Akokan sun san sunan Janar Seyni Kountché, amma kaɗan ne suka san cewa ma'adinin da iyayensu suka haƙo shi ya ɗauki nauyin tsarinsa na noma.

An haife shi a 1931 a Fandou, ya yi aikin soja ƙarƙashin Faransa, sannan a rundunar Nijar. Ranar 15 ga Afrilun 1974 ya hamɓarar da Diori Hamani, lokacin da fari ya ƙarar da dabbobi, ake kuma zargin manya da karkatar da hatsin agaji.

Ya hau mulki a kan gaɓa, domin farashin yuraniyom na tashi. SOMAIR na haƙa a Arlit tun 1971, COMINAK ta bi sahu a Akouta a 1978. A shekarar ce ya kafa ONAHA, hukumar filayen noman ban-ruwa.

Kountché ba ɗan gurguzu ba ne, bai kuma kwashe manoma zuwa ƙauyukan dole ba kamar yadda aka yi a Tanzaniya zamanin Nyerere. Ya nemi hanya tsakanin gurguzu da jari-hujja, wadda ya ɗora kan ƙafa biyu: Samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma. Samariya ta farfaɗo da gayya, matasa na noma gandu ɗaya, su gina aji ko rumbu. Ƙungiyoyin kuwa su ke raba taki da iri da bashi, su sayi amfanin gona. Sai dai daga sama aka dasa su. Manoma da dama sun ɗauke su kayan gwamnati, shi ya sa biyan bashin ya yi ta tafiyar hawainiya. Kuma a mulkin da ke ɗaure masu suka, wa zai ce tsarin na da gyara?

Farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya bushe. Fari ya dawo a 1984, sai ya tura jama'a noman rani a bakin rijiyoyi da tafkuna. Wannan kam ya kama, har yau ana yinsa.

Ya rasu a asibiti a Paris ranar 10 ga Nuwamban 1987, Ali Saibou ya gaje shi.