Vincent Wigglesworth: Likitan da Ya Gano Asirin Girman Ƙwaro

An haifi Vincent Wigglesworth a garin Kirkham na ƙasar Ingila ran 17 ga Afrilu, 1899. Mahaifinsa likita ne, shi ma ya karanta aikin likita, amma Allah ya karkata zuciyarsa wajen ƙananan halittun da kowa ke rainawa. A 1926 ya fara koyarwa a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan. Ba da daɗewa ba ya zo Nijeriya, ya yi bincike a kan sauro da ƙudan tsando.

Babban aikinsa ya rataya ne a kan Rhodnius, wani ƙwaro mai shan jini na Kudancin Amurka. Ya riƙa cire kan ƙwaron, yana haɗa jikinsa da na wani, don ya ga abin da jini ke ɗauke da shi. A shekarun 1930 ya nuna cewa akwai wani sinadari da ke fitowa daga bayan ƙwaƙwalwar ƙwaro, wanda ke tsare shi cikin ƙuruciya. Muddin sinadarin na nan, ko ƙwaro ya yi saɓa ba zai balaga ba.

Waɗanda suka biyo bayansa suka ce, ashe ana iya yaudarar ƙwaro da abin da ya yi kama da nasa. A 1975 aka amince da maganin methoprene a Amurka. In an zuba shi a ruwa, tsutsar sauro takan mutu ba ta yi fiffike ba. Wani maganin kuma, tebufenozide, yana kwaikwayon sinadarin saɓa ne. Yakan tilasta wa tsutsar dangin asu ta yi saɓa ba lokacinta ba har ta mutu, alhali kuwa ba ya yi wa ƙudan zuma ɓarna irin ta tsofaffin magunguna.

Wannan ba labarin nesa ba ne gare mu. A Sabo ta Ibadan, kwata da randar da ba murfi su ne mahaifar sauro, zazzaɓin cizonsa kuwa yara ƙanana ya fi ɗauka. Tsutsar nan mai cinye masara, wadda masanan cibiyar IITA ta Ibadan suka tabbatar da ɓullarta a Afirka a 2016, ita ma dangin asu ce. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da gidan sauro mai ɗauke da pyriproxyfen, wanda ke rage haihuwar sauro.

Wigglesworth ya zama farfesa a Jami'ar Kambirij a 1952, ya rasu a Fabrairu 1994. Ya bar mana darasi cewa wanda ya yi haƙurin duba aikin Mahalicci yakan iya kawar da maɓarnaci ba tare da ya hallaka sauran halitta ba. Iyaye, in kuka ga yaro yana tsugunne yana kallon ƙwaro, kada ku yi saurin tsawata masa.