Muhammad Sadiq Bey, sojan Masar da ya fara ɗaukar hoton aikin Hajji

A yau kusan kowane alhaji na dawowa daga Makka da ɗaruruwan hotuna cikin salularsa. Amma mutumin da ya fara tsayawa da na'urar ɗaukar hoto a tsakiyar wannan taro, wani hafsan sojan ƙasar Masar ne mai suna Muhammad Sadiq Bey.

An haife shi a birnin Alƙahira, ya yi karatun soja a gida, sannan ya ƙaro ilimin injiniya a birnin Paris na Faransa. Asalin sana'arsa auna ƙasa da zana taswira.

A shekarar 1861 ne aka tura shi ƙasar Hijaz domin auna hanyar da ta taso daga gaɓar Bahar Maliya zuwa Madina. A wannan tafiya ya ɗauki hotunan birnin Manzon Allah (SAW), waɗanda su ne na farko a tarihi. Aikin na da wuya. A wancan zamani kan farantin gilashi ake ɗaukar hoto: a shafa masa sinadari, a ɗauka, a wanke tun bai bushe ba, ga zafin rana ga ƙura.

A 1880 ya koma a matsayin ma'ajin ayarin Mahmal, wanda a wancan zamani ke kai rigar Ka'aba daga Alƙahira kowace shekara. Nan ya ɗauki Ka'aba da Masallacin Harami, da tantunan alhazai a Mina, da cincirindon jama'a a filin Arfa. Shekara guda bayan haka, hotunan suka samo masa lambar zinariya a wani babban taron masana labarin ƙasa a birnin Venis na Italiya. Ya kuma rubuta littattafai a kan hanyar Hajji, cikinsu har da Mash'al al-Mahmal.

A lokacin, maniyyaci daga ƙasar Hausa kan shafe shekaru yana tafiya a ƙasa ta Chadi da Sudan, waɗanda ya bari a gida kuwa sai dai su ji siffar Makka daga bakin wanda ya dawo.

Sadiq Bey ya rasu a 1902. Bayansa an faɗaɗa Harami sau da dama, an rushe gidajen da ke kewaye da shi. Mai son ganin Makkar da kakanninmu suka tarar, sai ya nemi hotunansa.